Na je Taminus sayen sabuwar rauta, mai shago ya hana ni

Tun da waifai ɗina ya daina shaƙewa da daddare mutum huɗu kenan suna tare ni da tambayar wace rauta, wato akwatin raba intanet, na saya, har da maƙocina mai cajin waya da yace in rubuta masa sunanta a takarda. Toh ban sayi komai ba. Tsohon akwatina ne dai da ya shekara biyar a saman kanta yana shan ƙura, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta yadda muka yi da shagon da suka min aikin, da abun da ya min daɗi da wanda ya ɓata min rai, don wallahi akwai duka biyun kuma ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Sunan shagon ne kawai ba zan kama ba, saboda akwai inda zan taɓa su.

Ni ɗan bizines senta nake da shi a Jos ta gefen Bauchi Road, in ka gangaro wajen Unguwar Rogo. Fotokwafi, firintin, taifin ɗin furojet na ɗalibai, sai kuma tikitin waifai da nake sayar wa 'yan jami'a masu haya a layinmu, wanda gaskiya shi ne ya fi riƙe shagon yanzu. Abun da ke raba intanet ɗin wani ɗan allo ne tokunbo da bai wuce tafin hannu ba, cif ɗin cikinsa Marvell Armada 3720 mai ƙwaƙwalwa biyu. Wani yaro ne ɗan kwamfuta ya ɗora min manhajar da ke tafiyar da shi, wata irin Linux ta rauta mai suna OpenWrt 19.07, a 2020 lokacin zaman korona, ya gama makaranta ya tafi bautar ƙasa, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ni kuma ban taɓa akwatin ba tun ranar, in ya yi gardama in zare wuta in mayar, iyakar ilimina kenan.

Da safe lafiya lau. Da rana lafiya lau. Amma da an idar da magariba yara sun dawo ɗakunansu sai abu ya rikice har wajen sha ɗaya na dare, wannan na kiran bidiyo da mamarta hoto ya daskare, wancan na buga gem ana ta kashe shi yana zagin netwok, wani na sauke fim daga 'yar kwamfutar ajiya da na haɗa musu a cikin shago ita ma tana jan ƙafa duk da ko intanet ba ta buƙata. Akwai wata ɗaliba da ta zo har kanta ta ajiye min tikitinta tace "Oga don Allah riƙe abunka, gara in sa data." Abun ya min ciwo fa. Na kira masu ba ni layin intanet na musu tas, suka turo ma'aikacinsu ya zare kebul daga akwatina ya soka a laftof ɗinsa kai tsaye, gudu ya fito cif yadda nake biya, ya kalle ni na kalle shi, sai da na saya masa lemo don kunya.

Shi ne na haɗa kuɗi na hau keke zuwa Taminus da niyyar sayo sabuwa. Shago biyu na farko ko tambayata ba su yi ba, suna jin "waifai na sulo" sai su sauko da kwali mai eriya shida kamar ƙaguwa su faɗi kuɗi. Na uku a sama yake ta wajen Ahmadu Bello Way, matattakalar ma sai ka karkace, ciki ƙunci, kebul a rataye ko'ina, yaro ɗaya na matsa kan kebul da filaya, mai shagon kuma matashi ne da bai kai ni shekaru ba. Shi ma yana da kwalayen a jere. Amma sai ya fara tambaya, mutum nawa ke hawa, wane lokaci yake shaƙewa, wace manhaja ke kan akwatin, yaushe rabon a sabunta ta. Da nace tun 2020 sai ya ajiye biron hannunsa.

"Yaya, in kana so yanzu in sayar maka wannan, kuɗinka ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Bari in zo in ga akwatin lokacin da ciwon ke tashi, in ya mutu in faɗa maka ya mutu."

Nace "Injiniya kai da kake da kaya a shago kake hana ciniki?"

Yace "In na sayar maka ba ta yi ba nan za ka dawo da ita ai."

Nan ya fara burge ni, nan kuma ya fara ɓata min rai, don Talata yace zai zo, sai Alhamis na gan shi, ranar Laraba kiransa uku bai ɗaga ba, da ya zo kuma ko haƙuri bai bayar da kyau ba, wai aiki ne ya riƙe shi a Bukuru. Wannan ɗabi'ar ta masu gyara ni dai ban san ranar da za ta bar mu ba.

Ya iso bayan isha'i lokacin abun ya kankama, ga sanyin Jos na hunturu har yana busa hannu kafin ya taɓa kibod. Ya shiga akwatin ta baƙin sikirin ɗin nan mai rubutu zalla, ya buga top, umarnin da ke nuna abun da ke cin ƙarfin na'ura, sai ga jerin sunaye suna hawa suna sauka amma guda ɗaya ya kafe a sama ya ƙi motsi, ksoftirqd. Yace ka ga wannan, shi ne lebura na kanel, in aikin karɓar fakiti ya fi ƙarfin a gama shi nan take sai a jibga masa, in ka gan shi zaune a saman layi toh furosesa ta cika maƙil da ɗawainiyar netwok. Nace kanal kuma, na soja? Ya yi dariya yace a'a ba na barikin Rukuba ba, kanel, zuciyar Linux, ita ke raba memori da lokaci tsakanin komai na cikin na'ura, ita Linus Torvalds ya fara rubutawa a Finlan a 1991. Kanel ta cikin akwatina mai lamba 4.14 ce, ta 2017.

Muka fita teburin mai shayin da ke jikin shagona don yace shi fa ba zai iya bayani da sanyin nan ba sai da ruwan zafi, kuma a nan ne ya min bayanin da ya sa nake wannan dogon rubutun, don ni mutum ne da in ban gane abu ba ba na sakin kuɗi da daɗin rai.

Yace duk abun da ke bi ta intanet yankawa ake yi ƙanana ƙanana, fakiti fakiti, babba a cikinsu bayit 1500 a kebul irin namu. Kowane fakiti in ya iso bakin akwatin sai an tanadar masa wajen sauka a memori tun kafin ya iso, don katin netwok ba ya jira, zubawa kawai yake, in bai tarar da mazubi ba ya watsar. Mazubin nan shi ake ce wa bafa. Sai ya ɗaga kofin hannunsa yace wannan ne bafa, shayin shi ne fakiti. Yanzu ka ɗauka Malam mai shayi duk wanda ya sha ya gama sai ya bayar da kofin a mayar kasuwa, in sabon kwastoma ya zo ya tura yaro ya karɓo wani, mutum nawa zai sallama kafin goma? Mai shayin na jinmu yace "Ai da na rufe tuntuni." Toh haka tsohon direban katina yake yi, direba a nan 'yar manhajar da ke tuƙa katin ce, sunanta mvneta, kowane fakiti sai ta nemi sabon mazubi daga wajen mai rabon memori na kanel, in an gama a sake shi ya koma can.

Kuma ba karɓowar ce kaɗai wahalar ba. Katin da kansa yake rubutu cikin memori ba tare da ya bi ta furosesa ba, shi ne DMA, amma kafin ya iya sai an yi wa mazubin rajista an ba katin adireshinsa, in fakiti ya sauka a soke rajistar, sabon mazubi sabuwar rajista. Kamar ɗan keke ne ace duk fasinja ɗaya da ya sauke sai ya koma ofishin ƙungiya ya sake yankar tikiti. A kan fasinja ɗaya ba komai bane. Amma ya ce in duba lissafi, layin gigabit in fakitocin manya ne yana ɗaukar wajen 81,000 a sakan ɗaya, in kuma mafi ƙanƙanta ne masu bayit 64 toh 1,488,095 ne a sakan. A manyan kwamfutocin kamfanoni masu layin gigabit 10 fakiti ɗaya nanosakan 67 da ɗan ɗoriya kawai yake da shi kafin na bayansa ya iso, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Ya ce ni ban kai ko kusa da can ba, kar in ɗauki kaina kamfani, amma ita ma furosesata ƙarama ce, kuma abun da yarana suka fi yi da dare, kiran murya da gem da 'yan saƙonnin "na karɓa" da wayoyi ke ta mayarwa, duk ƙananan fakiti ne, ita kuwa ɗawainiyar a kan yawan fakiti take ba a kan nauyinsu ba. Kofi kofi ne, ko cikawa aka yi ko kurɓi ɗaya aka zuba.

Maganin da mutanen Linux suka yi shi ne abun da Malam mai shayi ke yi tun kafin a haife su, a ɗauraye a sake zubawa. Sunansa page_pool, wato rumbun shafuka, don kanel tana yanka memori ne shafi shafi, kowane shafi bayit 4096 a irin na'urata. Wani ɗan Denmak mai suna Jesper Dangaard Brouer ne ya kawo shi, ya shiga kanel 4.18 a 2018. Kowane layin karɓa na kati yana da rumbunsa shi kaɗai, shafin da aka yi wa rajistar DMA sau ɗaya yana nan da rajistarsa, ya je ya dawo ya je ya dawo ba a sake yankar masa tikiti. Kuma rumbun hawa biyu ne, nan ne injiniyan ya ja tiren kofuna gabansa yana nuna min. Akwai tire a gefen hannu mai cin shafi 128, shi mai shayi kaɗai ke taɓa shi don haka ba ruwansa da kulle ko jiran wani, miƙa hannu kawai. Sai kuma baho a ƙasa wanda kowa ke iya jefa kofin da ya gama da shi, ko daga wace ƙwaƙwalwar furosesa ya fito, shi wannan da ɗan tsari don kar hannu biyu su yi karo. In tire ya ƙare sai a kwaso 64 daga baho a jera. In bahon ma wayam, sai a lokacin ake tura yaro kasuwa. Wannan 64 ɗin ma ba haka kawai aka zaɓe ta ba, daidai take da yawan fakitin da kanel ke kwasa a zagaye ɗaya a tsarin da suke kira NAPI, inda maimakon kati ya riƙa ƙwala wa furosesa kira a kan kowane fakiti sai ita ta zo ta kwashi tari guda.

Akwai wani ɗan abu da ya faɗa da ya tsaya min a rai. Ko shafi ya dawo da rajistarsa, a irin cif ɗina sai an daidaita shi da 'yar ma'ajiyar gaggawa ta cikin furosesa kafin a miƙa wa kati, in ba haka ba tsohon abu ya haɗu da sabo. Toh sai suka ce me zai sa a wanke kofi har baki in shayin rabi ya tsaya, a ɗauraye iya inda aka taɓa mana. Ni wannan ƙwaƙƙwafin nasu har dariya ya ba ni, mutane sun zauna a Turai suna lissafin ruwan wanke kofi, amma in ka ninka shi sau dubbai a sakan ka ga inda riba take.

Direbana mvneta ya samu wannan rumbun a kanel 5.5, farkon 2020, wato kusan lokacin da yaron nan ke ɗora min tsohuwar. Amma da farko fakitocin da aka sallama tun daga bakin ƙofa ta hanyar da ake kira XDP ne kawai shafinsu ke dawowa rumbu, waɗanda suka shige ciki suka bi doguwar hanyar netwok ta kanel, irin nawa kenan masu bi ta tsarin tikiti da bangon tsaro mai tantance abun da zai wuce, shafinsu ficewa yake. Sai a 5.14, a 2021, Ilias Apalodimas da Matteo Croce suka yi aikin da ya sa ake yi wa fakitin alama, in an gama da shi ko ina ya je shafin ya san hanyar gida. Kenan shekara da shekaru maganin na nan kyauta ni ina zaune da 4.14 ina zagin masu layi. Wannan kam laifina ne ba na kowa ba.

Washegari Juma'a ya dawo da safe kamar yadda yace, wannan karon bai saɓa ba, ya sa sabon katin memori ya ɗora OpenWrt 24.10 wadda ta fito a farkon 2025 da kanel 6.6, tsohon katin ya miƙo min yace in adana. Kafin a tafi masallaci intanet ya dawo.

Sai dai tikitina.

Ina da tikiti da na buga na yanka na ɗaure da roba, na kwana ɗaya da na sati da na wata, wasu ma an riga an saya suna hannun yara, gaba ɗaya suka daina shiga. Dalili, tun daga OpenWrt 22.03 aka canza bangon tsaro daga iptables zuwa nftables, tsohon tsarin tikitin da yaron ya ɗaɗɗaura min da dokokinsa na hannu bai san yaren sabon ba, dole aka sa wata manhajar tikiti mai suna openNDS aka fara daga farko. Na yarda in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. Abun da ban yarda da shi ba shi ne ya san haka zai faru bai faɗa min tun daren Alhamis ba, da na dakatar da sayar da na wata, da na rubuta sunayen masu saura. Yinin Asabar cur na yi ina zaune da littafi yara na zuwa ɗaya bayan ɗaya, "Oga saura na kwana tara", "Oga ni jiya na saya", wanda na gane da wanda ban gane ba duk sai da na ba su sabo, kuma na tabbata akwai aƙalla biyu da suka ci banza, ɗaya ma har yana murmushi. Da na kira injiniyan na faɗa masa yace "Kai Yaya, wallahi na sha'afa, hankalina na kan kanel." Toh ai matsalarsa kenan, hankalinsa na kan na'ura, mai na'urar kuma ko oho. Ya dai zo da yamma ya taya ni tsara sabon bugu bai karɓi ko sisi a kai ba, na ba shi wannan.

Daren Litinin da yara suka cika shi ne gwajin gaskiya, kuma ya zo da kansa ba tare da na kira ba, ina jin shi ma so yake ya gani. Ya buga top, ksoftirqd ya sauka can ƙasa yana leƙowa jefi jefi. Sai ya buga ethtool, umarnin duba katin netwok, da wani harafi a gaba, sikirin ya cika da layuka, ya sa yatsa a kan guda biyu. rx_pp_alloc_fast, wato sau nawa aka miƙa hannu aka samu kofi a tire. rx_pp_alloc_slow, sau nawa aka tura yaro kasuwa. Ya sake bugawa bayan 'yan sakanni, na farkon ya yi tsalle lambobinsa sun ƙaru har ba na iya bin su da ido, na biyun yana nan kusan inda yake kamar an dasa shi. Ya nuna min na uku, rx_pp_recycle_ring, kofunan da suka dawo baho, shi ma gudu yake. Ni da ban san komai a harkar ba sai da na ji wani daɗi, gani ya kori ji. Wannan ƙidayar ma a kanel 5.18 aka ƙara ta, 2022, kafin nan sai dai ka yarda da baki.

Na tambaye shi wani layi a ƙasa mai released_ref a ƙarshe, yace wannan kofin da aka dawo da shi ne amma har yanzu wani na riƙe da hannunsa, ba za a zuba wa wani shayi a ciki ba, sai rumbu ya cire masa rajista ya sallame shi. In ka ga wannan na hawa da yawa toh sake amfanin ba ya tafiya daidai. Kuma ya ce tsarin na da nasa tsadar, kar in ɗauka sihiri ne. Direbana shafi guda cur yake ba kowane fakiti, ɗan fakiti mai bayit 64 ya mamaye 4096, kamar a kawo maka kurɓin shayi a bokiti, an dai ƙara hanyar raba shafi gida gida a 5.15 ga direbobin da suka ɗauka. Sannan rumbu ba ya rufuwa sai duk shafukansa sun dawo, in wata manhaja ta riƙe fakiti ta ƙi saki kanel za ta yi ta rubuta ƙorafi duk minti ɗaya cewa rufewa ta maƙale. Mai shayi ba ya tashi sai kofinsa na ƙarshe ya dawo daga shagon tela.

Inda ya ƙara samun maki a wajena shi ne da na fara zuzuta page_pool ɗin nan ina cewa shi ya cece ni, sai ya katse ni. Yace a'a Yaya, kar ka je kana faɗa wa mutane haka, abu uku na taɓa kuma ba zan iya rantse maka wanne ya fi ba tunda a tare na yi su. Na ɗaya sabon kanel da direbansa. Na biyu tarin dokokin bangon tsaro da yaron nan ya bari tun shekara biyar, kowane fakiti sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar shingayen hanyar Bauchi, ya share su. Na uku kuma ya kunna CAKE, mai tsara layin fita, wanda ya shiga kanel a 4.19, shi ne ke hana mai sauke fim ya danne mai kiran mamarta. Ya ce daskarewar kiran bidiyo ɗin ma ya fi zargin wannan na ukun, ciwon da Jim Gettys ya yi wa suna bufferbloat wajen 2010, fakitoci su yi dogon layi a ma'ajiya suna jira har kira ya lalace. Shi ma bafa ne amma wani ciwon daban, ɗaya yawan jira a layi, ɗaya yawan zuwa kasuwa. Abun da sake amfani da shafuka ya yi shi ne ya sauke wa furosesa kaya har ta samu numfashin ɗaukar CAKE ɗin, don shi ma ci yake. Wani ne da sai ya bar ni da labarin da ya fi daɗin faɗa.

Kuɗin aiki, da katin memori da zuwansa huɗu, bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin mai eriya shidan nan ba, ragowar na ƙara na sayi batir na inbata don wanda nake da shi ya fara kumbura. Bai ba ni rasit ba sai da na tambaya sau biyu, ƙarshe a bayan katin shagon ya rubuta. Bai rubuta min abun da ya canza ba, nace ya rubuta don kar in sake zama kamar yadda yaron farko ya bar ni, yace zai turo ta WhatsApp, yau sati uku kenan. Fasuwod dai na karɓa a take na rubuta a littafin bashi, wannan ban bari ya fita da shi ba.

Wa zan tura wajensa? Mai hostel, mai otal ƙarami, mai senta irina, duk wanda ke da akwatin da ke cin OpenWrt ko Linux kuma mutane da yawa ke hawa. In 'yar rautar gida ce ta sim da ku biyar ke amfani da ita kar ka wahalar da kanka hawa benen nan, ba abun da zai buɗe a ciki, kuma ba kowane kati bane direbansa ke da wannan rumbun, ni sa'a na ci nawa na ciki, shi ya sa ya fara tambayar cif kafin komai. In za ka je ka je da safe kafin sha ɗaya, bayan nan yaron kawai za ka tarar shi kuma ba abun da ya sani sai matsa kebul. Ka tambaye shi da bakinka me zai daina aiki bayan sabuntawa, ka sa ya lissafa maka, don shi ba zai tuna ba. Kuma ranar da yace zai zo ka ƙara kwana biyu a kai.

Ɗalibar nan da ta ajiye min tikiti ta dawo ranar Laraba ta sayi na sati, ba ta ce komai ba nima ban ce ba. Tsohon katin memorin yana cikin durowa na naɗe shi a takarda na rubuta 4.14 a jiki, shi kuma injiniya in ya ga wannan rubutun, Malam mai shayi yace kofi biyu da ka sha daren Litinin ba a biya ba, nace masa ba a lissafina suke ba.